Cokalin Inna Mai Ƙanzo

Ranar da Allah Ya karɓi Inna, uwar mijina, ban samu sukunin yin kukana ba sai bayan la'asar. Tun kafin a kai ta makwancinta gidanmu na Runjin Sambo ya cika, har ana shimfiɗa tabarmi a ƙofar maƙwabta. Daga Allah muka fito, can za mu koma, a nan ba wanda ya yi musu. Inda baki ya rabu shi ne a kan wace ce ma aka rasa.

Wata maƙwabciya ta zauna kusa da ni tana jan carbi, ta ce, "Allah Ya jiƙan Inna. Mace mai tattali, kai, har ya so ya yi yawa. Ko ƙwayar shinkafa ta faɗi sai ta duƙa." Da muryar yabo ta faɗa, amma ni ba yarinya ba ce, na san rowa take nufi. Ba a jima ba sai ga matar mai facin taya ta bakin titi, ko sallama ba ta ƙarasa ba ta zube a tsakar gida tana cewa, "Wa zai sake ce mani in ɗanɗana gishiri?" Baƙin da suka zo daga Arkilla, unguwar wan mijina, suka dubi juna, sun ɗauka ruɗewa ce. Mu 'yan unguwa mun san abin da take nufi, shi ya sa kuka ya dawo sabo.

A waje kuma, wurin zaman maza, maigidana ya ce mani wani abokin aikin wansa ya tambaya ko wace sana'a marigayiya take yi. Wan mijina, wanda nake kira Yaya, ya ce, "'Yar ƙaramar sana'ar abinci ce, irin ta tsofaffi." A ranar kuma ya yanke magana: da zarar an yi addu'ar uku, za a ba wani mai kiwon shanu buhunan da Inna ta bari, a sauke rumfar shanyarta, a rufe zancen.

Wannan amsar tasa ce ta sa na ɗauki biro. Da girmana na shiga aji, ina da 'ya'ya har da mai aure, kuma ban sha wahalar koyon baƙi don in zauna ina ji ana rage wa Inna tsawo ba. Sunanta ba zan kama ba. Ban kama shi tana raye ba, ba zan fara don ta kwanta ba. Amma sunan sana'arta zan faɗa da ƙarfi: Inna ƙanzo take kankara.

Don yaran yanzu da suka tashi a gidan gas, ƙanzo shi ne abin da ke kamawa a gindin tukunya in an kwashe tuwo ko shinkafa. Yawancin masu sayar da abinci zuba masa ruwa suke yi ya kwana, da safe su wanke su watsa a kwata. Inna ta ce ita idonta ba zai iya ganin wannan ba. Sai ta bi masu tuwo ɗaya bayan ɗaya, na tasha da na bakin kasuwa, ta ƙulla magana da su: kada su jiƙa tukunya, su bar ta a bushe su rufe. Ita za ta zo da sanyin safiya ta kankare, ta wanke masu tukunyar da toka har ta yi ƙyalli, ta tafi da ƙanzonta. Ba saye, ba roƙo. Mai tuwo ta huta da wankin tukunya, abinci bai shiga kwata ba. Duk tukunyar da ka gani an bari ba ruwa a unguwannin nan, to, Inna ake jira.

Kayan aikinta cokali guda ne, na ƙarfe, wanda gefensa ɗaya ya cinye har ya yi kaifi kamar wuƙa. A jikin rumfa take soke shi. Ka taɓa zanenta na Sallah ba za ta ce komai ba, amma ka sha kunu da cokalin nan ka ga tashin hankali.

In ta dawo sai ta baza ƙanzon a kan tabarmi ƙarƙashin ranar Sakkwato, wadda ba ta yi wa kowa wasa. Ya bushe ƙayau, a ɗure a buhu. Kullum da hantsi ta ɗebo, ta ɗan daka, ta jiƙa shi ya yi laushi, ta haɗa da garin ƙuli-ƙuli da yaji da albasa da ɗan man gyaɗa. Shi ne datu, abin da Kanawa ke ce wa kwaɗo. Ƙanshinsa kawai yana fito da mutum daga ɗaki.

Tana da doka, kuma ba ta sassauta ta ko ga wa. Abin da ke cikin tukunya na mutane ne. Abin da hannu ya riga ya shiga a kwano, na awaki ne. An sha kawo mata ragowar abincin biki a manyan robobi, a ɗauka an yi mata gwaninta, sai ta leƙa ta ce, "An ci a nan? To ku kai bayan ɗaki, masu ƙaho na jira." Awakin nan kuma kashinsu ba ya zuwa juji. Manoman albasa na fadama ke zuwa su kwasa su yi taki, su bar mata lawashi, ganyen albasar da ake yankewa a watsar, ta daka shi ta shanya ya zama gabu na miya. Tumatir da ya fara laushi a kasuwa ta yanka ta shanya ya zama kauɗa. Na taɓa ce mata, "Inna, gidan nan komai shigowa yake yi, ba abin da ke fita?" Ta ce, "Hayaƙi na fita. Shi ma don ban samu abin kama shi ba."

Leda kuwa ba ta shiga harkarta. Ko wace ce ke, ki zo da kwanonki. Na ga matan ofis daga Sama Road, da mota da jakar hannu, sun juya sun koma neman kwano suna ƙunƙuni. Washegari kuma sun dawo.

Ba na manta damina a gidan nan. Hadari na haɗuwa gabas za ka ji muryarta kamar ta mai ba soja umarni: "Shanya! Ku fito, shanya!" Kowa ya yar da abin da ke hannunsa. Ni da ƙanwar mijina mu kama bakin tabarma guda muna karo da juna, ita tana ce mani, "Matar auta, ƙafafunki na aro ne?" don mijina ne autan maza, ni ina ce mata ta rage tuwo ta gani ko ba ta fi ni gudu ba. In mun tsira da shanyar, sai mu zauna a rumfa muna haki, ruwa na dukan kwanon rufi, Inna ta haɗa mana datu da ɗumi. Ban ƙara cin abin da ya kai wannan daɗi ba, kuma na ci abinci a gidajen manya.

Zancen gishiri kuwa, ga yadda yake. Inna ba ta taɓa buɗe baki ta ce wa mutum "ga sadaka" ba. In ta lura gidan wani hayaƙi bai tashi ba, sai ta cika kwano har ya yi tozo, ta yafa mayafi ta shiga da sallama. "Ɗiyata, bakina ya mutu yau, ba ni jin ɗanɗano. Ki ɗanɗana mani wanga ko gishiri ya ji." Kafin a ɗanɗana ta tuna wai ta bar akuya a sake, ta fice. Kwanon sai gobe. Lokacin da mai facin taya ya kwanta jinya wata da watanni, bakin Inna kullum a mace yake. Ranar da ya koma bakin aikinsa, ranar bakinta ya warke. Wadda ta kira ta mai rowa ma, na san shekarar da ta ɗanɗana gishiri. Ba zan ƙara a kan haka ba.

Ni ma ta yi mani nata. Da na ce zan shiga ajin manya, gidan nan dariya aka yi. Maigidana ya ce wa zai riƙa yin girkin rana. Inna tana tsince gabu, ko kai ba ta ɗaga ba ta ce, "Ni. Ko ka manta wa ya ciyar da kai kafin ta zo?" Sannan ta dube ni. "Tahi, matar auta. Ke ma an ɗauka an kwashe na sama, saura gindin tukunya."

Na ce, "Inna, ƙanzo kika mayar da ni?"

Ta ce, "To mi ne ne? Shi ne ya fi daɗewa kan wuta."

Ba waliyiya nake rubutawa ba. Inna tana da taurin kai, kuma taurin kan nan ya ci mata ƙawa. Akwai wata mai tuwo a tasha, aminiyarta tun suna amare, mu muna ce mata Gwaggo. Tukunyarta ce ta farko da Inna ta fara kankara, kuma ita ce mafi girma a duk zagayen. Da datun Inna ya yi suna, masu saye suka fi ƙarfin ƙanzon. Wasu har busasshen suke so, su aika wa 'ya'yansu da ke karatu a wasu garuruwa. Kafin azahar Inna ta ce "ya ƙare", mutane su koma da kwano wayam. Gwaggo tana ganin haka abin yana damunta.

Wata safiya na raka Inna tasha don ƙafarta na ciwo. Ta sa cokali, ƙanzo ya ɓallo falle guda, mai kauri, ja-ja-wur. Ta ɗaga shi ta duba a hasken rana.

"Ƙawa, wanga ƙanzo ya yi kyau da yawa."

Gwaggo ta ce, "To ba ki gode Allah?"

"Kauri guda, launi guda, ko ta ina. Wuta ba ta aiki haka nan sai an sa ta. Mi kika yi?"

Gwaggo ta gyara ɗaurin zane. "Tuwo kaɗan na bari a gindi, na ƙara ice. Ba ke ce kullum bai isa ba?"

"Ni ban ce ba. Masu saye sunka ce."

"To don wa na yi? Don kaina?"

"Tuwon da wani zai ci da zafinsa kika ƙona, ga icen da kika ƙara, don in samu na saidawa?"

Ni da bakina ba ya shiru na sa baki. Na ce, "Inna, ko'ina ana yin ƙanzo da gangan, kuma ban ji malamin da ya ce haramun ne ba."

Ta juyo. "Ni ma ban ce haramun ne ba, matar auta. Na ce ba sana'ata ba ce. Ni abin da ya faɗi nike ɗauka. Ba ni tura shi ya faɗi."

Ta wanke tukunyar tas kamar kullum, ta jera ƙanzon a faifan Gwaggo, ta ce mu tafi. Gwaggo ta ɗaga murya a bayanmu: "Ki tahi! Gobe da kaina zan jiƙa ta, in ga wanda zai mutu!" Ta kuwa jiƙa.

Har gobe ina cewa Inna ta tsananta. Gwaggo don ƙauna ta yi, kalma guda mai taushi ta isa ta gyara komai. Na faɗa wa Inna haka a gabanta, ta ce in je in rubuta a allon makarantarmu. Ba su yi gaba ba, don dukansu suna tsoron Allah. Suna gaisawa a wurin suna da wurin rasuwa, suna tambayar jikoki. Amma cokalin bai sake taɓa tukunyar tasha ba, shekara da shekaru. Sai dai duk ranar da muka bi ta bakin tasha a keke, ina ganin Inna tana juya kai tana leƙen rumfar, sannan ta yi kamar mayafi take gyarawa.

Ciwon ajalinta bai yi tsawo ba. Maganar ƙarshe da na ji daga bakinta mai ma'ana, bayan kalmar shahada da take ta maimaitawa, ita ce, "An kwashe shanya?" Na ce an kwashe. Ta lumshe ido.

Ranar addu'ar uku, bayan an shafa fatiha, mai kiwon shanun ya iso da keke ya tsaya a ƙofar gida. Na aika a kira mani Yaya bakin ƙofar tsakar gida. Na ce, "Yaya, abincin mutane ne a buhunan nan. Inna ba ta ba dabba abin da hannu bai taɓa ba."

Ban taɓa ganin idonsa ya yi ja haka ba. Ya ce, "Matar auta, ki ji ni da kyau. Tun ina makaranta nake wucewa in ga uwata duƙe gaban tukunyar wasu. Na roƙe ta ta huta. Na ware mata ɗaki a Arkilla, har yau ba wanda ya kwana a ciki. Ta ƙi. Yanzu Allah Ya hutar da ita. Ki bar ta ta huta."

Nan na fahimce shi. Ba girman kai ne ke magana ba, ɗa ne da bayan uwarsa ke yi masa ciwo.

Muna tsaye haka sai muka ji ana cewa a ba da hanya. Gwaggo ce, ita da wata mai taya ta aiki, sun rirriƙo tukunyar nan ta tasha, baƙa ƙirin, sun dire ta a tsakiyar gida, a gaban baƙin Arkilla da kowa da kowa. Gwaggo ta zo gaisuwa tun ranar farko, ta zauna a lungu ba ta ce uffan ba. Yau kam da magana ta zo.

Ta buɗe murfin. "Tun ranar da labari ya iso ni ban jiƙa ta ba. Da tukunyar aro nike girki." Ta nuna gindin tukunyar. "Ku duba da kyau. Ko ice guda ban ƙara ba, ko loma ban bari ba. Yadda wuta ta yi shi, haka yake. Na so in kawo mata tana da rai. Kullum sai in ce gobe."

Ta share fuska da gefen mayafi, ta dubi Yaya. "Alhaji, ba kuka kaɗai ya kawo ni ba. Sauran masu tuwo sun ce in tambayo masu. Tukwanensu na nan a bushe, kuma ba kowa ke da ta aro ba. Su jiƙa, ko su bari?"

Yaya ya dubi tukunyar. Maigidana ya sunkuyar da kai. Ƙanwar mijina ta dube ni, na dube ta.

Ban yi shawara da kowa ba. Na je rumfa na zaro cokalin daga inda yake soke, na tattare zanena, na duƙa. Da ƙarfen ya taɓa gindin tukunya ya yi ƙarar nan, ƙar, ƙar, gidan ya yi tsit. Duk wanda ya tashi a unguwar nan ya san wannan ƙarar. Ƙanzon ya riƙa ɓallowa guntu-guntu, nan siriri, can ya ƙone, can kuma fari. Na ɗaga guntu ɗaya na duba a rana yadda na ga ana yi.

Na ce, "Gwaggo, wannan na gaskiya ne."

Ta zauna daɓas a ƙasa ta rushe da kuka, tana cewa, "Ƙawa, kin ji? Kin ji ko?"

Na baza shi a tabarma. Sannan na kwance buhu ɗaya cikin waɗanda Inna ta bari, na ɗebo, na daka, na jiƙa. Ƙanwar mijina ta yanka albasa ba tare da na ce mata ba, matar mai facin taya ta karɓi taɓarya ta daka ƙuli. Yaya bai hana ba, bai kuma tafi ba. Yana tsaye inda na bar shi, mai keke yana jira a waje.

Da na gama na cika kwanon Inna har ya yi tozo, na kai masa da hannu biyu, na rusuna.

"Yaya, bakina ya mutu yau. Ka ɗanɗana mani ko gishiri ya ji."

Ya daɗe yana kallon kwanon. Can ya ce a ba shi ruwa. Ya wanke hannu, ya zauna a kan turmin da ke kife, da babbar rigarsa da komai, ya yi bisimilla. Ya kai loma. Ya ƙara. Hawaye na sauka a gemunsa bai share ba.

Ya ce, "Gishiri ya ji. Yajin ne bai kai nata ba."

Na ce, "To."

Ya sake kai loma, ya haɗiye. "In kin yi na gobe, ki ƙara."

Ya miƙe ya fita da kwanon a hannunsa. Na ji shi a waje yana ba mai kiwon shanu haƙuri. Na juya wurin Gwaggo na ce, "Ki ce masu kada su jiƙa. Ina nan tafe da safe, kuma daga tasha zan fara."

Yanzu ni ke zagayen. Bayana yana ciwo, hannuna ya yi kanta, kuma har yau masu saye na ce mani na Inna ya fi. Ba na musu. In ya ƙare ina ce masu ya ƙare.

Ya Allah, baiwarKa ce ta zo gare Ka. Ta yi rayuwarta tana duƙawa don kada ƙwaya ɗaya ta arzikinKa ta salwanta. Kada Ka bar ko ƙwaya ɗaya ta aikinta ta salwanta. Ka tattara mata har wanda ya maƙale a gindi, wanda mu ba mu gani ba. Ka yafe mata taurin kanta, Ka miƙe mata bayan nan da ya daɗe a duƙe, Ka sanyaya makwancinta. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.